Ram Takwas na Goggo Sabuwa

Apapa, Legas
13 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Adda Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Naziha da duk mutanen Adarawo. Yaya zafin Yola? Na san yanzu ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ke tuna min shekaruna duk lokacin da zan hau benen ofis. Khadijah da yara suna gaishe ki.

Na so in kira ki a waya, sai na tuna yadda muka kwashe wancan karon, ina ce miki barka da Sallah kina tambayata wa ya rasu. Tun da kunnen nan naki ya yi ritaya, takarda ta fi mana sauƙi. Danny direban motar Yola zai kawo miki kamar kullum.

Adda, barkanmu da arziki! Naziha a jami'a, a Bauci, kuma sashen safiyo da zanen taswira. Ranar da na ji, sai da na rufe ƙofar ofis na yi hawaye. Yarinyar da kika goyo daga Mubi tana shekara bakwai, ga ta yau. Allah ya jiƙan iyayenta, Hamma Njidda da Ruƙayyatu, da suna raye da sun ga abin da kika yi da amanarsu.

Ga maganar da ta sa na rubuto. Ta turo min hoton takardar da sashensu ya ba sababbin ɗalibai. An ce kowa ya zo da kwamfutar cinya, don a cikinta ake aikin taswirar. Ta roƙe ni kar in gaya miki, wai kar ki sa abin a ranki. Ni kuwa ban iya ɓoye miki abu ba tun ina yaro, ba yau zan koya ba. Ke dai kar ki nuna mata kin sani.

Na shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja har kaina ya yi zafi da sunaye. Abin da na fahimta shi ne ba kowace ce za ta yi mata ba. Da ram huɗu ana samu, amma wahala za ta sha. Mai kyau sai da ram takwas. In da hali ma sha shida, amma wannan ta masu ƙarfi ce.

Kin ɗauki yarinyar nan ke kaɗai tun tana ƙarama, ya isa haka. Ni ne bappanta, daga yanzu nauyinta ya dawo wuyana. Ki huta, Adda. In an yi hutu ma ta riƙa zuwa nan Legas ta ga gari.

Ƙanenki,
Hamman

Adarawo, Yola
21 ga Afrilu, 2025

Hamman,

Wa alaikumus salam. Jam tan, muna lafiya. Danny ya kawo takardarka da garin rogon da ka aiko, useko, na gode. Zafi kam sai wanda ya gani, amma mangwaro ya nuna, to mun yafe masa. Gwiwarka kuma ba shekaru ba ne, tumbi ne. Na ga hoton da Khadijah ta turo wa Naziha. A gaishe ta da yaran.

Kafin komai, kunnena bai yi ritaya ba. Na hagu ne ƙarar bam ɗin nan na kasuwar Jimeta ta tafi da shi. Na dama yana nan, yana jin abin da ya ga dama.

Na karanta takardarka na yi murna, na sake karantawa murnar ta koma ciki, da na karanta a karo na uku sai na cusa ta ƙarƙashin tabarma don kar in yaga. In huta? Na ce maka na gaji ne? Lokacin da yarinyar nan ke shigewa ƙarƙashin gado in ta ji babur ya yi tari a waje, babu wanda ya ce in huta. Lokacin da ta yi wata da watanni ba ta magana sai da ido, ni na zauna da ita har bakin ya buɗe. Ba gori nake maka ba, ka yi aike kuma ba ka taɓa fashi ba, Allah ya saka. Amma yanzu da tuwo ya dahu ka zo kana cewa in miƙa maka muciya. Har da hutu a Legas. Ni kuma in zauna da wa?

Abin da ya fi min ciwo shi ne ta tsallake ni ta tambaye ka. Ga ta can tana wanke-wanke tana 'yar waƙarta kamar ba ita ba. Ban nuna mata komai ba, amma raina ya sosu, Hamman, ya sosu ƙwarai.

To ka ji da kyau. Kwamfutar nan daga hannuna za ta fito.

Ka wani jefo min Turanci a tsakiyar Hausa don ka ga ko zan gane. Ka manta na riga ka shiga firamare, kuma ni nake biya maka karatu a gindin darbejiyar ƙofar gida? Na san ram tun ba ka iya ɗaure wando ba. Da na ga ram takwas na ce kai, wannan abu da tsada yake. Sai na hau keke na je Limawa wajen Keturah, ƙawata ta firamare mai sayar da kifi, wadda ta tarbe mu a tasha ranar da muka gudo daga rikicin Mubi ba takalmi. Ta ce haka duniya ta koma, kar in yi mamaki.

Ka kwantar da hankalinka. Ram biyar suna hannu yanzu haka, saura uku. Wani a Rumde ya yi min alkawarin ɗaya, ya ce ƙarami ne amma lafiyayye. Sha shida kam ban yi maka alkawari ba, ni ba gwamna ba ce.

Addarka,
Sabuwa

Apapa, Legas
29 ga Afrilu, 2025

Adda Sabuwa,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai dai tun da takardarki ta zo barcina ya ragu. Ki yafe min gajeriyar gaisuwa, maganar ta gaggawa ce.

Adda, ki tsaya! Don Allah kar ki ƙara ba kowa ko sisi. Na je wurin mai shagon da nake hulɗa da shi a Ikeja, Nicodemus, mutumin Numan ne ma, ba zai cuce mu ba. Na gaya masa kin samu ram biyar. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya kalle ni. Ya ce babu ram biyar a duniya. Huɗu yake zuwa, ko takwas, ko sha shida. Duk wanda ya sayar miki da biyar ɗan damfara ne.

Kuma ba a bin unguwa-unguwa ana tara shi ɗaya-ɗaya. Shi wannan na Rumde wane ne? A ina ya koyi sana'ar? Ram ba shi da wani ƙarami ko lafiyayye. In ma ya kasa, Nicodemus ya ce ana iya ƙarawa daga baya, a kwance bayan kwamfutar a cusa shi ciki, shi ke nan.

Da hankalina ya ƙi kwanciya na nemo lambar Keturah na kira ta. Ga abin da ta ce min: "Oga Hamman, ram ɗin yana nan, na gani da idona, biyar cif. Fine fine ones. Ɗaya ma fari ne tas. Ni ma zan ƙara mata nawa." Fari, Adda! Na koma wurin Nicodemus, ya ce shi dai yawancin waɗanda ke ratsa hannunsa kore ne, bai san inda kuka samo fari ba. Wato har Keturah sun ja ta cikin abin.

Na san ranki ya ɓaci a kan maganar hutawa, za mu yi ta daga baya. Yanzu dai ki turo min sunan mutumin nan na Rumde. Ina da aboki ɗan sanda a Jimeta, sai in sa a yi ram da shi kafin ya cinye miki guminki. Sauran ki bar min, a nan zan saya in aiko.

Ƙanenki mai damuwa,
Hamman

Adarawo, Yola
9 ga Mayu, 2025

Hamman,

Sallama da gaisuwa. Muna nan lafiya, an yi ruwan farko shekaranjiya, gari ya yi sanyi har na nemi mayafi. Shirunka ya yi yawa. An ce motar Danny ta lalace a wajen Wukari, wataƙila amsarka tana can tana shan rana. Ni dai ba zan iya jira ba, albishir ne a bakina.

Takwas sun cika!

Na Rumde shi ya fara zuwa. Modibbo Muktar ne, malamin Islamiyyar Naziha. Da na gaya masa abin da ake ciki bai bar ni na gama ba, ya ce in aiko a ɗauka. Na bakwai Keturah ce ta kawo da kanta tun daga Limawa a cikin keke, ita a gefe, shi a tsakiya ya leƙo da kai yana kallon gari kamar sabon ango. Wanda take kiwo ne don bikin ɗanta Marvelous. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce, "Ai amaryan bai ma yarda ba tukuna. Naziha kuwa makaranta ya riga ya yarda." Na takwas matan layinmu ne suka haɗa hannu suka sayo a Ngurore, ban ma san wa ya kai musu labari ba. Na tsaya a tsakar gida ina kallon su takwas, daɗi ya cika ni.

Naziha ta tambaye ni wannan tarin fa, na ce kasuwar Sallah nake hari. Ita ke ba su ruwa da harawa, tana mita wai sun hana ta karatu da kuka. Ni kuwa sai in juya baya in yi dariyata.

Na kai nan ke nan sai ga Danny da takardarka. Na karanta. Bari in sha ruwa tukuna.

Babu ram biyar a duniya? To ni da nake tashi da sassafe ina dama musu dusa, aljanu nake kiwo? Huɗu ko takwas ko sha shida, wai. Ka je ka gaya wa Nicodemus ɗinka a Yola tunkiya ba ta san wannan doka ba. Kuma kore! Hamman, me kake sha a Legas? Mu da muka tashi a bayan tumakin Baba, yaushe ka taɓa ganin koren rago? Har da wai a kwance bayan kwamfuta a cusa shi ciki. Babban nan nawa ko ƙofar zaure da ƙyar yake wucewa da ƙahonsa.

Sannan Modibbo za ka sa a yi ram da shi? Mutumin da ya koya wa 'yar ɗan'uwanka baƙi da wasali? Ka yi istigfari.

Na gane dabararka. So kake ka tsorata ni in sakar maka. Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Allah bai ba ni nawa ba, ita kaɗai gare ni. Za ta tafi inda ake magana da kalmomin da ban sani ba, cikin mutanen da suka fi ni komai. Abu ɗaya da za ta riƙa buɗewa kullum a can shi ne wannan kwamfuta. Ina so in ta buɗe ta tuna akwai wata tsohuwa a Adarawo. Kai kana da 'ya'ya biyar a gabanka, ka bar min wannan ɗayar.

Sabuwa

Apapa, Legas
17 ga Mayu, 2025

Adda Sabuwa,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, in ban da haƙarƙarina da ke ciwo, kuma ke kika jawo.

Wayyo Adda! Raguna! A ofis na buɗe takardarki, na yi dariya har na zame daga kujera, masinja ya shigo da gudu yana zaton gwiwar ce. Na kai gida na karanta wa Khadijah, tuwonta ya kusa ƙonewa. Nicodemus kuwa sai da ya zauna a ƙasa. Ya ce in gaishe ki, in gaishe da farin musamman.

Ki saurara. Ram ɗin da nake nufi ba rago ba ne, kuma ba kuɗin kwamfutar ba ne. Wani ɗan abu ne a cikinta, bai kai tsawon yatsa biyu ba. Shi ne kamar faɗin tabarmar da take baza aikinta a kai. In tabarmar ƙarama ce, sai ta riƙa naɗe wani aiki kafin ta shimfiɗa wani, abu ya yi ta jan ƙafa. In babba ce sai ta baza komai lokaci guda. Takwas da sha shida awon faɗinsa ne. Taswira kuwa aiki ne mai cin wuri, shi ya sa aka ce kar a gaza takwas.

Ni ma ban tsira ba. Kin rubuta min ƙarami amma lafiyayye, Keturah ta ce fari tas, duk ban farga ba. Ni da na yi kiwo har na gama firamare! Legas ta cinye min kai.

Amma Adda, rago takwas, har da na bikin Marvelous a cikin keke! Wannan labari jikokinmu za su ji shi. Ki mayar wa mutane da dabbobinsu, ki bar min sayen tunda ga shi abin ya fi ƙarfin Turancin firamare.

Ƙanenki,
Hamman

Apapa, Legas
31 ga Mayu, 2025

Adda,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Danny ya zo sau biyu hannu rabbana. Ya ce ya ba ki takardata, kin karɓa kin shige ciki, ko ruwa ba ki ce a ba shi ba. Na kira Keturah ta ce ba ta da abin faɗa min, ta kashe waya.

Khadijah ta sa ni na sake karanta takardarki tun daga ƙasa. A ranar dariya ta rufe min ido, ban ga ƙarshenta da kyau ba. Kin buɗe min cikinki, ni kuma na amsa miki da Turancin firamare. Na ji kunya, Adda. Ki yafe min.

Da na ce ki huta, aljihunki nake nufi, wallahi ba yarinyar ba. Wa zai raba ki da Naziha? Ni ko abin da take so a miya ban sani ba. Na janye hannuna, ke za ki saya. Jaka kawai nake roƙo ki bar min.

In za ki karɓi shawara daga wanda ya yi laifi, ki tafi da ita kanta, ita ta san aikin da za ta yi. Ku duba batir sosai, ba mu san halin wutar ɗakin kwanansu ba. In ta hannu ce, tokumbo, a kunna ta a gabanku ta daɗe, kuma a rubuta muku garanti. Ko zagi ne ki rubuto, na fi son sa da wannan shirun.

Hamman

Adarawo, Yola
15 ga Yuni, 2025

Hamman ƙanena,

Wa alaikumus salam. Barka da Sallah, kuma babu wanda ya rasu. Muna lafiya ƙalau, damina ta zauna, kogi ya fara cika. Ina fata kun yi Sallah lafiya. Ka gaishe da Khadijah, ka ce na gode, ita ce mai hankalin gidan.

Na yafe maka. Amma sai da na bar ka ka ɗanɗana, don ka san shiru ma amsa ce.

Ranar da na karanta bayaninka ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba dariyarka ce ta fi damuna ba. Na bi gari na tara mutane a kan abin da ban sani ba, ni mai taƙama da Turanci. Rashin sani ya fi dare duhu. Na yi kwanaki ko ƙofar gida ba na leƙawa, ragunan suna kuka kamar da gayya.

Daga baya na ce kunya ba ta biyan hakkin mutane. Na sa wa na Modibbo igiya na kai masa Rumde, na faɗa masa gaskiya. Ya yi murmushi ya ce shi bai san ram ba, bai san kwamfuta ba, Naziha ya ba, kuma bai ji an ce ta fasa karatu ba. Matan layi suka ce in na sake kawo maganar za su daina gaishe ni. Keturah kuwa ta yi dariya har ta kifar da tiren kifi, don ita ma littafi ɗaya muka karanta, mai hoton rago da aka rubuta ram a ƙasansa. Da ta share hawaye ta ce, "Sabuwa, wannan ragon ya riga ya samu admishan. Ba ya komawa." Haka na dawo da su gida yadda na fita da su.

A daren na zaunar da Naziha na gaya mata komai. Ta fara dariya tana riƙe ciki, can sai na ga dariyar ta koma kuka. Na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina, me ya sa ta tsallake ni. Ta ce, "Goggo, na san ki. In na faɗa miki, har gadon da kike kwana a kai sai kin sayar." Na ce ƙarya take yi. Ta kalli garken ta kalle ni, muka sake fashewa da dariya.

Faɗuwa kuma ta zo daidai da zama. Ana jibi Sallah raguna suka yi wuta a kasuwa, dillalai har rigima suke a kan farin nan. Na sayar da su duka takwas, abin da aka samu ya wuce yadda na zata nesa ba kusa ba.

Ranar Laraba muka shiga Jimeta ni da ita da Keturah, shagon wata yarinya mai suna Virtue, mai bakin zuma. Ta jera mana kwamfutoci a kan tebur. Na ɗaga kowace na jijjiga, na zaɓi wadda ta fi nauyi na ce wannan ce mai ƙiba. Ashe a wannan kasuwa mara nauyi ita ce mai daraja. Naziha ta ce ita za ta yi ta yawo da ita a baya daga aji zuwa fili, ba ta son wadda za ta karya mata kafaɗa. Wata ja mai sheƙi ta ɗauki idona, Virtue ta ce, "Mama, wannan kyau ne kawai, batirin shi no dey last." Muka ajiye ta, tunda batirin ba ya daɗewa. Akwai tokumbo mai sauƙi, amma da aka kunna ta sai na sa kunnen dama na ji tana huci kamar dabba mai ciwon huhu. Ita ma Naziha ba ta so ta ba.

Na ce kafin in biya sai an nuna min ram da idona. Virtue ta kwance bayan wata tsohuwar kwamfuta ta zaro shi ta ɗora min a tafin hannu. Ɗan siriri ne kamar guntun rula. Kuma kore ne, Hamman. Wannan kam ka ci.

Wadda Naziha ta zaɓa sabuwa ce dal, baƙa, ba ta da kwalliya, batirinta yana kai yini, ga garanti na shekara. Ram ɗinta sha shida. Ka gaya wa Nicodemus, a Yola takwas ne ke haifar sha shida. Ta kunna ta a nan shagon, ta buɗe taswira ta nuna min gada da kogin Binuwai daga sama, ta yi ta matsowa har na gane layinmu. Ni kuwa ƙirjina kamar ya fashe don murna. Ragowar kuɗin ya isa katifa da kuɗin mota. Jakar ka aiko da wuri, ranar Asabar mai zuwa za ta tafi.

Saura abu ɗaya, shi ya sa ma na zauna rubutun nan. Da Virtue ta ɗauko rasit za ta rubuta, sai ta nuna ni da biro ta tambayi Naziha wani abu, Naziha ta amsa. Ta gefen hagu suke, ban ji komai ba, sai na ga Keturah ta dafe ƙirji. Na ce me aka ce? Ka san muryar Keturah, da ita take kiran masu sayen kifi daga tsallaken titi. Ta ɗaga ta har duk shagon ya juyo: "An tambaye shi ko ke kakan shi ne. Ya ce a'a, Dadan shi ne!"

Dada, Hamman. Uwa. Tun da muka baro Mubi ba ta kira kowa da wannan suna ba, ni kuma ban taɓa nema ba, don na san na Ruƙayyatu ne. Na dubi yarinyar, ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar caja. Na ce wa Keturah ban ji ba, ta sake faɗa. Naziha ta ce, "Bari, Anti." Ta zagayo ta gefen dama ta faɗa min da bakinta.

Na ji tun a bakin Keturah, sarai na ji. So nake in ƙara ji.

Addarka,
Sabuwa